Sunan da Saudatu Ta Faɗa a Jidda

Ku gyara zama, ku matso nan inda inuwa take, in ba ku labarin Saudatu mai wanki ta unguwar Utaibiyya.

A Makka aka haife ta. Mahaifinta Bakatsine ne da ya zo aikin hajji da ƙafa, ya ga wuri ya zauna. Ita kuwa ta tashi da Larabci a kasuwa, Hausa a tsakar gida. Sana'arta wanki, kuma alhazan Jawa ne masu kawo mata kaya, mutanen tsibiran nan masu ruwan sama da kwakwa. Mace ce mai dariya, in tana matse zane har maƙwabta kan ji waƙarta ta bayan katanga.

Cikin mutanen Jawa ɗin nan wani ɗalibi mai suna Hassan ya auri ƴarta ta fari, Ramlatu. Da ya kammala karatu ya ɗauke ta suka tafi ƙasarsu. Ana nan, bayan yaƙin duniya da ƴan shekaru, wata hajiya daga garin su Hassan ta kawo saƙon baka: Ramlatu na da ciki. Saudatu ta ajiye sabulu ta ce ba ƴarta za ta haihu a tsibiri ba tare da mai dafa mata ruwan wanka ba. Jirgin ruwan ƙarshe na alhazan Jawa yana shirin tashi. In ya wuce, sai baɗi, an daɗe da gama jego.

To, shiga ƙasar mutane ba kamar shiga gidan maƙwabta ba ne. Sai da ta yi jawaz, wato fasfo. Aka ɗauke ta hoto tana ɓata rai kamar an ci mata bashi. Aka yi mata lambar agana a dantse, aka ce ta sayi tikitin zuwa da dawowa domin su tabbata ziyara za ta yi, ba zama ba. Saura biza, a ofishin wakilin ƙasar da ke Jidda. Aminiyarta Shatu mai tuyar ƙosai ta raka ta a motar haya.

Ma'aikacin wani siririn Bajawe ne mai baƙar hula, ga Larabci a bakinsa tsaf. Ya duba hoto, ya duba lamba, ya ce madalla.

"Wurin wa za ki sauka, ya Hajja?"

"Wurin yarinyar nan," in ji Saudatu.

"Wace yarinya?"

"Ta wajena. Matar Hassan."

"Sunanta fa?"

Sai Saudatu ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Ku da kuka san gida kun gane. Ƴar fari ce, kuma uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce ta iyaye da kakanni. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba. Da "ke" ta raine ta, da "waccan" take ba da labarinta.

Shatu ta yi caraf ta ce, "Ramlatu sunanta, ya sidi."

Ma'aikacin ya ce a yi haƙuri, doka ta ce mai neman shiga shi zai ambaci mai masaukinsa da bakinsa. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, bai taɓa ganin uwar da ba ta san sunan ƴarta ba, kuma ba zai iya buga hatimi a kan abin da yake shakka ba.

Shatu ta juya harshe zuwa Hausa. "Ke Saudatu, tsohuwar banza, kin bari an tsaga miki dantse, kin bari namiji ya ɗauki hoton wannan fuskar taki, sai suna ne zai kayar da ke?"

"Haba Shatu, a gaban mutane? Me za a ce a Utaibiyya?"

"Wa ke nan daga Utaibiyya in ba ni ba? Ni kuwa duk da haka sai na faɗa."

Saudatu ta tashi kamar za ta fita. Ta kai bakin ƙofa, inda ake hango teku da hayaƙin jiragen ruwa, ta tsaya. Can ta dawo, ta juya wa ma'aikacin baya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata ƴar murya ta fito daga ciki.

"Ban ji ba, ya Hajja."

"Ramlatu!" Har mai gadi sai da ya leƙo. Saudatu ta motsa baki, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta taɓa ci ba. Sai ta sake, a hankali, ba wanda ya tambaye ta: "Ramlatu. Kai, ashe sunan da daɗi."

Shatu ta bayyana wa ma'aikacin al'adar, ya yi ta dariya yana neman gafara. Ya buga hatimi, wata uku na ziyara.

A motar komawa Makka Saudatu ba ta bar kowa ya huta ba. Ramlatu ta iya girki, Ramlatu ta yi tafiya tun kafin ta shekara, Ramlatu ce ta fara kaza. Shatu ta ce da ta sani da ta bar ta da kunyarta.

Saudatu ta samu jirgin. Waɗanda suka yi tafiyar tare da ita sun ce da aka iso gaɓa, ta hango ƴarta cikin masu tarya, sai ta ɗaga murya ta kira ta. Ramlatu ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman mai kiranta, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba. Da ta gane, da cikinta da komai ta taho a guje.

Saudatu ta yi wa jikanta wankan farko, ta dawo Makka kafin bizarta ta cika, ta koma kan wankinta.

To ku fa, ƴan fari da ke zaune a nan, kun taɓa jin sunanku a bakin wadda ta haife ku?