Ƙyauren Ƙarfe a Ɗakin Inna

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, ga wata nan tafe gare ku. Ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Daga Sabuwa aka kawo ni aure wani ƙauye kusa da Daudawa. A can, ƙofa ita ke fara yi maka magana kafin mai ɗaki ya buɗe baki. In ka ga an naɗe asabari sama, shiga kawai. In an sake shi ƙasa, yi sallama ka jira. In an kara tufaniya a bakin ɗaki, mai shi ya tafi gona. Amma ƙyaure a rufe da rana tsaka, da mutum a ciki, abu biyu ne: ko fushi ake da jama'a, ko ciwo mai yaɗuwa ya shiga, irin agana. Ba a ƙwanƙwasawa, ba a tambaya. Juyawa ake yi.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce ungozomar ƙauyen. Yanar ido ta makantar da ita, amma hannunta na gani. Asabarinta kullum a naɗe. Tun hantsi mata ke cika ɗakin, wannan da ciki, waccan da jariri mai kumburin cibi, wata kuma tsegumi kawai ya kawo ta.

Sai shekarun nan suka zo da aka ce an samu kuɗin mai, aka sauya kuɗi zuwa naira, motoci suka fara shigo mana da siminti da kwano. Ƙanin mijina yana tuƙi a wani kamfanin gine-gine a Kaduna. Ya zo ya gina wa Inna ɗakin bulo, ya sauke mata ƙyauren ƙarfe kore daga bayan mota. A saman ƙyauren akwai wani ɗan hannun ƙarfe mai gwiwa, kamar ƙafar fara.

Na ce, "Ɗan birni, wannan ƙafar ta mece ce?"

Ya ce, "Matar yaya, ke dai tsaya ga tukunyarki. A Kaduna akwai ƙofar da ke shigewa cikin bango, akwai mai juyawa da mutum kamar ana masa wasa. Kowace Turawa sun ba ta sunanta." Ya jero sunayen da Turanci, ko ɗaya bai zauna mini ba.

Na ce, "Mu tamu ba suna, amma ba ta taɓa juya kowa ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, domin na ga abin da ƙyauren ke yi. In ka buɗe ka saki, sai ya biyo bayanka a hankali, ya yi ajiyar zuciya kamar tsoho, ya rufe, ƙas. Na ɗauko dutse na tokare shi. Ƙanin mijina ya sa ƙafa ya ture dutsen, ya ce tokarewa na lalata hannun, ya kuma sa yayansa ya yi masa alkawarin ba za a sake ba. Da zai koma na ji yana cewa, "A birni ba a faɗa wa babban mutum ɗaki kamar kasuwa." Na riƙe wannan magana.

Mata suka zo da hantsi kamar kullum, suka ga ƙyaure a rufe, suka juya. Na bi su har bakin rijiya ina cewa shi ke rufe kansa. Wata ta ce, "Shi ke rufe kanshi? To ai gara a ce mana ciwo ne." Daga nan aka fara cewa ɗan birni ya kawo wa uwarsa ƙofa mai iska a ciki, kuma wa ya san inda ya samo dukiyar nan tasa. Masu wucewa ta bayan gidanmu suka koma yin zagaye.

Inna kuwa tana zaune a ciki tana sauraro. Abin da take ji kullum ɗaya ne: na shigo da kunu, na ajiye, na fita, sai ƙas a bayana. Ba ta taɓa ƙyauren da hannunta, in za ta kewaya ni ke riƙe mata. Na faɗa mata gaskiya, ta ce, "Yarinya, na tsufa, amma ban taɓa jin ƙarfe ya yi tafiya ba." Maigidana ya faɗa mata, ta ce, "Kai kuma an gama da kai." Lokacin cirar auduga ne, tun safe yake fita, bai ga yadda ɗakin ya mutu ba. Ta daina shan kununa sai ta shinshina. Ni ma, Allah ya sani, na fara raɓewa in zan wuce ƙyauren nan, ina karanta abin da na iya.

Ana nan, wata maƙwabciyarmu ta fara naƙuda da rana. Ita kanta Inna ce ta yanke mata cibiya ranar da aka haife ta. Yayar mijinta ta rugo gidanmu, ni ina rijiya, ta ga ƙyaure a rufe, ta tsaya, ta juya. Aka tafi har wani ƙauye ta hanyar Faskari aka ɗauko wata ungozoma a kan keke. Inna ba ta san komai ba sai da ta ji guɗa ta katanga.

Da la'asar ta sa aka kira maigidana. Ina tsaye a tsakar gida ina ji.

Ta ce, "Matarka ta binne ni da raina. Ta kore mini mutane, ta raba ni da sana'ata. Ko ta koma Sabuwa, ko ni in bar maka gidan."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Na san ba zai zaɓe ni a kan uwarsa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ina da goyo a lokacin. Na shiga ɗaki na ɗaure kayana, na fito na durƙusa a bakin ƙofarta.

Na ce, "Inna, zan tafi. Abu ɗaya nake roƙo. Zan koma can gindin rumbu in yi ta magana, ki ji muryata daga nesa. Ɗanki ya tsaya kusa da ni. Ki buɗe ƙyauren nan da hannunki, ki ɗora tafinki a kai, kada ki tura, kada ki ja."

Ta ce, "Wani makircin ne kuma?"

Na ce, "In makirci ne, hannunki zai gane. Bai taɓa yi miki ƙarya ba."

Sai ta tashi tana laluben bango. Na koma gindin rumbu, na rasa abin faɗa, sai na kama lissafo mata sunayen matan da suka daina zuwa. Ta buɗe ƙyauren. Ta ɗora hannu. Muna kallo ya fara turo ta, a hankali, a hankali, tana ja da baya, har ya maida ita cikin ɗaki ya rufe, ƙas.

Daga ciki muka ji muryarta: "A cire mini wannan abu kafin rana ta faɗi."

Ba ta ce mini yi haƙuri ba, ba a yin haka. Da kafinta ya gama cirewa, ta ce, "Ke, ina asabarina? Kuma wa ya ce ki ɗaure kaya, ga kunu ban sha ba?" Ta shanye bai kai hancinta ba.

Mata sun dawo, amma ba duka ba. Wasu sun riga sun saba da waccan ungozomar, wasu kuma har Inna ta rasu ba su yarda iskan ya bi ƙyauren ya fita ba. Ta yi sauran shekarunta asabari a naɗe, a hannuna ta cika. Maigidana ya bi ta bayan ya aurar da 'ya'yanmu. Jaririn da aka haifa ranar nan ya girma, yana sayar da hatsi a kasuwar Ƙanƙara. Ƙyauren kuwa a kan duwatsu muka kwantar da shi, na yi ta shanya kuɓewa da barkono a kai har tsatsa ta cinye shi.

Ƙanin mijina ya yi fushi, ya daɗe bai zo ba. Daga baya ya zama Alhaji, ya gina gida a Kaduna mai ƙofa bayan ƙofa. Ya sha rantse mini cewa don sauro da kaji ya kawo ƙyauren. Nakan ce masa to. Amma a ƙauyen nan aka haife shi, ya san abin da rufaffen ƙyaure ke cewa da rana, kuma ni na ga ƙafar da ta ture dutsen. Ya rasu ban sake tambayarsa ba.

Ni ce na rage, ga ni, ga asabarina a naɗe. Nan na ajiye ta, ku tashi ku miƙe ƙafa.