Kwaɗon Fiya a Gidan Yaya

Mun tashi da asuba daga Jos, ni da wasu mata biyu 'yan unguwarmu masu zuwa umara. Sanyi ya rako mu har bayan gari, kowacce ta ƙudundune a mayafi. Direbanmu mai son labari ne, kafin mu kai Saminaka ya ba mu tarihin kowane rami da ke kan hanyar da tayar da ya taɓa ci masa. A nan muka sha shayi da burodi, muka ratsa dajin Falgore rana ta take, azahar ta same mu a Kano. Muka kwana, washegari da hantsi jirgi ya ɗaga.

Su umara kaɗai ta fito da su, ni kuwa tafiyata biyu ce. A Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina, inda mahaifinmu ya yi zamansa bayan ya zo aikin hajji. Aure ne ya kai ni Jos shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce. Yayata, wadda muke ciki ɗaya, tana can. Rabona da ita shekara tara. A tsakanin nan Ummanmu ta rasu, aka kuma rushe Karantina, duk ban je ba. Kwanan baya surukar Yaya ta haifi mace, aka sa mata sunan Umma, aka ɗaga walima sai bayan arba'in. Saƙon da Yaya ta turo mini layi ɗaya ne: "In za ki zo, ki zo."

Da muka sauka, iskar Jidda ce ta fara gaishe ni, mai ɗumi, mai danshi, tana manne wa mutum a fata. Abokan tafiyata suna fifita da mayafi suna ƙorafi, ni kuwa na tsaya ina shaƙa kamar turare. Muka wuce Makka, muka yi umara lafiya. Bayan kwana biyu ɗan Yaya, uban jaririyar, ya zo ya ɗauke ni.

Muna shigowa Jidda na ce ya bi da ni ta Karantina.

"Khala, ba komai a wurin, wallahi," in ji shi, haka suke kiran inna da Larabci. "Halas, an gama."

Na ce ya dai bi. Ya juya kan mota.

Na ga hotuna a waya, amma ganin ido daban ne. Fili ne fetal, ƙasa ja-ja da ɓaraguzan bulo, ga shingen kwano a wasu wurare. Na sauka na tsaya. A kaina ina da taswirar unguwar kaf: ɗan Yaman mai sayar da ful, wato dafaffen wake, a bakin titi, tsohon nan mai tsire da hayaƙinsa ke shiga har ɗakinmu, lungun da ba ya wuce mutum biyu, ƙofarmu koriya. Na juya gabas, na juya yamma, na rasa inda zan ɗora ko ɗaya. Na tambayi ɗan Yaya ina gidanmu yake. Ya nuna wani wuri, ya sauke hannu, ya nuna gaba kaɗan. Shi ma da ya girma a ciki bai tabbata ba. Ban yi kuka ba. Ruwa na ce ya ba ni, na sha, muka tafi.

Yanzu Yaya a Khumra take, can kudu a bakin gari, inda sito-sito da garejin manyan motoci suka fi gidaje yawa. Hawa na biyu suke, ƙasansu masu walda ne. Ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Ta rungume ni, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo shinkafar kabsa da shayi mai na'ana'a. Tarba ce ta mutunci, irin wadda ake yi wa baƙuwa. Ba ta ambaci Umma ba, ni ma ban ambata ba.

Ga dalili. Lokacin da jikin Umma ya fara tsanani, Yaya ta kira ni ta ce in zo. Na ce sai bayan sallah, yara na jarrabawa. Kafin sallah ta zo annobar korona ta rufe hanyoyin duniya. A waya na ji rasuwar. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta mutuwa da haihuwa.

Wadda ta sassauta zaman ita ce ɗiyar Yaya. Ta kusa talatin, tana aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Ruwais, kusa da teku. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar, rabi Larabci ne. Ita ta ɗauki nauyin kayan taɓawa na walima, ta ce ban da sambusa za ta yi gwakamoli. Na ce mene ne kuma haka? Ta yi bayani: fiya ce ake murƙushewa da albasa da tumatir da lemon tsami, a riƙa dangwala da gurasa ko soyayyen abu mai ƙaras-ƙaras. Abincin mutanen Meziko ne.

"To ai kwaɗo ke nan," na ce. "Kwaɗon fiya."

Ta maimaita sunan sau uku tana dariya, ɗ ɗin ya ƙi fita.

Ranar Laraba da safe muka je halaga, babbar kasuwar kayan gwari. Kwali-kwali ne jere har ido ya gaji, daga ƙasashe iri-iri, kowace fiya da tambarinta a manne kamar mai fasfo. Da na ji kuɗin kilo ɗaya na juya shi zuwa naira a raina, sai da na dafa tebur, domin a Jos da damina kwano guda zai saya har da gyara. Yarinyar ta fara zaɓen masu sheƙi, na karɓe kwandon. A nan dai ni ce malama. Na nuna mata yadda ake danna wajen hancin a hankali da babban yatsa: in ta ɗan lotsa ta yi, in yatsa ya nutse ta wuce. Yawancinsu kamar dutse suke. Muka saya haka, muka naɗe su a takarda tare da ayaba, muka tura ƙarƙashin gado. Yaya na kallonmu, ta ce ita iyakar saninta da fiya a markaɗa da madara da zuma a sha.

Juma'a da sassafe muka buɗe, duk sun nuna in ban da biyu. Muka shimfiɗa tabarma a kicin mu uku. Ina tsagawa ina cire ƙwallo, yarinyar na kwashe naman da cokali tana matsa lemon tsami nan take don kada ya yi baƙi. Yaya na yanka tumatir ƙanana, tana zubar da 'ya'yan cikin kamar yadda aka umarce ta. Na ce a kawo bilanda. Yarinyar ta girgiza kai, ta ce bilanda kunu za ta mai da shi. Albasa da attaruhu da gishiri da wani ganye mai ƙamshi da suke kira kuzbara daka su ake yi tukuna, masu abin ma a turmin dutse suke yi.

Yaya ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta dawo da wani ƙaramin turmi naɗe a tsohon zane. Tun kafin ta gama kwancewa na gane shi. Turmin yajin Umma ne, ya yi baƙi da tsufa, ga tsagewar nan a baki da aka ɗaure da waya tun ina yarinya. Ta ajiye shi a gabana ta miƙo mini taɓarya.

"Da aka shafa jan fentin alamar rusau a bangonmu, kwanaki kaɗan suka rage mana," in ji ta. "Gado da kabad duk can na bar su. Wannan na fara ɗauka."

Na zuba albasa na fara daka. Sautin bai canja ba ko kaɗan. Yarinyar ta dube mu, ta ce bari ta sauka ta karɓo gurasa.

"Umma tana tambayarki har ranar ƙarshe," Yaya ta ce, idonta na kan tumatir. "Na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Ni kaɗai na yi jinya, ni kaɗai na kwashe gida."

Na daɗe ina tanadin bayani tun daga Jos, jarrabawar yara, rufe hanya. Ko ɗaya bai fito ba.

"Ba ni da hujja, Yaya. Ki yafe mini."

"Ci gaba da dakan, kada albasar ta yi ruwa."

Na ci gaba, hawaye na zuba, attaruhu na taimaka musu. Can ta aje wuƙa.

"Na yafe tuntuni. Amma ba a waya nake so in gaya miki ba."

Da yarinyar ta dawo ta same mu muna gardamar gishiri, wadda ita ce gardamarmu tun muna 'yan mata. Ta juye dakan a kan fiyar, ta murƙushe da cokali mai yatsu sama-sama, ta bar gudaji-gudaji. Tumatir ne ƙarshe. Ta ɗanɗana, ta ƙara lemon tsami, ta shimfiɗa leda ta manna a kan fuskarsa yadda iska ba za ta shiga ba.

Bayan la'asar gida ya cika. Yawancin matan tsofaffin maƙwabtanmu ne na Karantina, wata daga Makka, wata daga can arewacin gari, wasu rabonsu da juna tun rusau. Wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan, ƙawar Umma, ta leƙa kwanon ta ce, "Wannan kuma miyar kuka ce aka manta ba a dafa ba?" Aka lallaɓa ta ta dangwala. Ba ta yaba ba, amma kwanon a gabanta ya ƙare.

Da hira ta yi daɗi na faɗa musu na je unguwa na kasa gane gidanmu. Nan fa aka taso mini. Wannan ta ce daga masallaci layi na uku, waccan ta ce na biyu, sai in an ƙirga lungun mai gawayi. Tsohuwar ta jawo faranti ta ce shi ne masallaci, kofuna suka zama gidaje, cokali ya zama titi. Kowane kofi aka aje sai an faɗi mai shi da inda yake yanzu: wance tana Maradi, wane an mai da shi Kano, su wance Allah ya ji ƙansu. Har magariba ana gyara wa kofuna zama. Ni dai ina zaune da jaririyar a cinya, ina jin ana kiranta da sunan Umma.

Kafin in taho yarinyar ta kai mu bakin teku ta wajen Ruwais, muka zauna a kan dakali ni da Yaya. Na ce ta zo Jos. Shekararta sittin, kullum cewa take "gida Nijeriya", alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙasar ba. Ta tambaye ni ko da gaske ne ana sa rigar sanyi da rana, ko da gaske fiya a bayan gida take fitowa. Na ce ta zo ta gani. Ta ce sai an sabunta mata iƙama, takardar izinin zama, kuma wannan yana hannun kafilin ɗanta, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Ba ta yi alkawari ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Jirginmu ya sauka Kano da rana, na haɗu da abokan tafiyata kowacce da jarkar zamzam da dabino. Daga Saminaka ruwan sama ya tare mu, shi ya raka mu har ƙofar gida.

Masu tambayata tsaraba, ku yi haƙuri, ba ta da yawa. Abin da na dawo da shi shi ne, in ɗan'uwa ya ce ka zo, ranar ya kamata ka fara haɗa kaya, domin ni na jinkirta sau ɗaya, uwa da unguwa duk ba su jira ni ba. Yanzu kowace Juma'a muna waya da Yaya, ko ba mutuwa ko ba haihuwa. Takardarta ba ta fito ba tukuna. Ni dai na sa an yi wa ɗakin baƙi fenti, na sayi bargo mai kauri na ajiye a kan gadon.