Ba Jiƙon Gwaggo Ne Ya Kashe Yayana Ba

Duk unguwarmu a Daura an yarda jiƙon da Gwaggo ta kawo daga Zango ne ya ƙarasa yayana. Ba haka ba ne. Ko kurɓa bai yi ba, ni na zubar da shi a kwata.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ni ce mai karanta wa gidanmu kwalin magani, abin da na faɗa shi ake yi. Yaya na fama da ciwon hanta, yana shan ƙwayar asibiti kullum, ni kuwa na gaji da ganin ba sauyi. Sai na karanta a waya cewa ƙwayoyin halittar hanta kashe kansu suke yi, wai masana na gwada maganin da ke toshe sinadarin da ke ba su umarnin mutuwa. Rabin bayanin na karanta. Wani mai sayar da magani a Kongolam, can bakin iyaka, ya rantse mini shi ne a kwalbarsa, ta Nijar ya shigo. Na saya, na dawo na ce wa Yaya ya ajiye na asibiti. Ya yi dariya, ya ce tunda likitar gida ta yi magana, shi wane ne?

Ba a jima ba idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Da muka kai shi asibiti, likita ya ja ni gefe, na gaya masa gaskiya. Ya ce wancan magani gwaji ake yi, ba a kai shi kasuwa ba, abin kwalbata Allah kaɗai ya san mene ne. Ya ce mutuwar ƙwayoyin halittar ma ba duka ce cuta ba, da ita jiki ke kawar da waɗanda suka lalace. Barin ƙwayar asibiti ne ya tayar da ciwon.

A asibitin Yaya ya rasu. Ajali ne, na sani, amma ni ce sanadi. Tun ranar sadakar bakwai Innarmu ba ta amsa gaisuwar Gwaggo, ni kuma ina ji na yi shiru. Tsohuwa har ta daina zuwa suna da biki.

'Yan'uwana masu ɗan boko, abin da ake gwadawa bai zama magani ba tukuna. Kada ku raba majinyaci da maganinsa kan rabin karatu.

Gobe zan hau mota zuwa Zango in ɗauko Gwaggo. A gabanta zan gaya wa Inna gaskiya.