Kazar da Wuyanta Ya Murɗe

A ƙauyenmu, can arewa da Maraɗi, in sanyi ya shigo kakata takan hura wuta da karan gero a bakin ɗakinta bayan isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana gujjiya a toka. Ba ta ɗaga murya. In ka cika surutu sai ta yi shiru tana tona wuta, har ka ji kunya da kanka.

Akwai tatsuniyar da take yawan yi mana, ta wata kaza mai tukku da fatake suka saya suka kai gari mai nisa. Tun a hanya take waiwayen gida, ta yi ta waiwaye har wuyanta ya murɗe, kai ya koma baya. A zuba mata tsaki a gabanta, ba ta ganinsa. Mai gida ya wasa wuƙa kada ta mutu mushe, sai wata tsohuwa ta roƙa a bar mata ita.

"Sai ta murɗo wuyan, Kaka?"

"Ai da ta karya ta ke nan," in ji ta. "Zagayawa ta yi ta baya, inda idon yake kallo, ta ajiye ƙwarya a can. Gobe ta ɗan matso da ita, jibi ma haka. Ran nan sai kaza ta ga kanta tana ci ta gaba."

Mu dai dariya muke, muna kwaikwayon tafiyar kazar.

Bayan shekaru masu yawa na tsinci kaina a Pleasant Garden, can ƙasar Turawa. Maigidana, Alhaji, yana aiki a wani sito a Wendover, da asuba yake fita. Yara su tafi lakwal, wato makaranta, in sun dawo na yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ban iya tuƙi ba, nan kuwa ba mai zuwa ko'ina a ƙafa. Sai Alhaji ya sayo mini kajin ado guda uku, masu gashi kamar auduga. Farar cikinsu ce abokiyar hirata duk wuni.

Wata safiya na tarar da ita kai a juye, baki yana kallon sama, tana ja da baya tana faɗuwa.

"Hajiya, miƙo wuƙa tun da ranta," in ji Alhaji.

"Ka ba ni zuwa Juma'a."

"Wannan ko miya ba za ta yi ba, gashi ne zalla. In ta zama mushe, ke kika sani."

Na je wurin maƙwabciyarmu, tsohuwar Baturiyar da ta sayar mana da su, 'yata Hadiza tana mana tafinta. Ta tambayi abin da nake ba su. Na ce tsakin masara da ragowar tuwo, kamar a gida. Ashe kajin gida yawo suke, suna tsintar ƙwari da ganye, nawa kuwa a keji suke saboda shaho. Ta ce galibi rashin bitamin E ne da wani sinadari wai shi siliniyam. Wani lokaci kuma buguwa ce, don irin waɗannan ƙoƙon kansu bai da ƙwari, sara ɗaya daga 'yar'uwa ya isa.

Na ware kazar a kwali a kicin. In matse bitamin a kan dafaffen ƙwai, in tallafe kanta, in kai cokali inda bakin yake. Ruwa kuwa ɗigo-ɗigo ta gefen baki, kada ta shaƙe. Juma'a ta zo wuyan bai miƙe ba, amma tana haɗiya da kanta. Alhaji ya daɗe yana leƙen kwalin, ya ɗauki makullin mota ya tafi masallaci. Sai da kazar ta kusa wata kafin ta tsaya da ƙafafunta ta ci ta gaba.

Ina yarinya na ɗauka Kaka hana mu waiwaye take. A kicin ɗin nan na gane tsohuwar cikin tatsuniyar take so mu duba. Ni ma kaina a juye na zo ƙasar nan, kowa yana cewa in kalli gaba, ga arziki. Gaskiyarsu ce, sai dai ba wanda ya zagayo inda idona yake.

Na daina jira. Yarana ma gabansu daban ne da nawa. Yanzu in sun amsa da Turanci ba na fushi. Nakan zagaya inda suke kallo, in ajiye musu kalma ɗaya ta Hausa, in koma in zauna.