Hanyar Gawa ta Gidan Iturralde

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta gangara daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Maule ya san tsoho Allande mai fasa dutse. Kullum yana gefen hanya da gudumarsa, hula a karkace, ƙafar hagu a miƙe don ba ta lanƙwasuwa tun da ya dawo daga yaƙi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran hanyar nan, amma in aiki ya kawo shi gindin wani tudu sai ya juya masa baya. A kan tudun gidan Iturralde yake, gidan da aka haife shi, kuma shi da bakinsa ya sa aka sayar da shi.

A wurinmu, mu ƙabilar Basko ta cikin duwatsun kudancin Faransa, ba a raba gida. Ɗan fari ke gadonsa ɗungurungum, mace ce ko namiji: gonar masara, tumaki, wurin kiwo a kan tsauni, kabarin gidan a harabar coci, har da hanyar gawa, 'yar siririyar hanyar da kowane gida ke bi da mamatansa daga ƙofarsa zuwa coci. Ƙanne kuwa ko su fita neman duniya, ko su zauna tuzurai suna yi wa gidan aiki har tsufa. A Iturralde yara biyu ne suka rayu, Margaita ce babba, sai Allande. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, Margaita ce ta raine shi, ita ke ɓoye masa ɓawon gurasar masara a aljihunta don ta san shi ya fi so.

Aka ɗauke shi soja a zamanin Napoleon, ya yi shekara bakwai. A asibitin sojoji ya kwanta kusa da wani mutumin Paris da ya taɓa yi wa lauya aikin rubutu, shi ya ba shi labarin Littafin Dokoki da aka fitar a shekarar 1804. Ya ce an tattara al'adun ƙasar Faransa barkatai an soke, an yi doka ɗaya ga kowa, kuma a cikinta 'ya'yan mutum duk ɗaya suke wajen gado, babu babba babu ƙarami. Allande ya yi dariya ya ce ai wannan sai a Paris. Amma maganar ta bi shi har gida. Ni dai ba zan zagi Littafin ba, ya share wa mutane da yawa hawaye, kuma ƙanin da aka bari da sandar kiwo kaɗai shi ma ɗan Adam ne.

Ya dawo ya tarar mahaifinsu yana kwance, Margaita kuma ta auri Erramun, wanda ya shigo gidan ya ɗauki sunansa kamar yadda aka saba. Erramun ba mugu ba ne, ga aiki kamar jaki, sai dai bakinsa ba shi da linzami. Allande kuwa ya ɗora ido a kan Engrazi 'yar mai niƙa. Da ya je wurin ubanta, mai niƙa ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ina zai ajiye masa 'ya, a jakar soja? Allande ya koma gida da wannan magana a ransa.

Da mahaifin ya rasu, sai aka shirya abin da kowane gida ke yi tun zuwan Littafin: a je wurin magatakarda mai hatimi a Maule, ƙani ya sa hannu cewa ya karɓi rabonsa, gida ya zauna yadda yake. Allande ya yarda, har ya saka rigarsa ta Lahadi. Ranar kasuwa ce, hanya cike da mutane, sai Erramun ya dafa kafaɗarsa ya ɗaga murya.

"Sa hannu ka huta, gurguna. Kwanonka ba zai bushe ba muddin kana iya korar kaji daga masara."

Mutane suka kwashe da dariya, kuma Engrazi na cikinsu da kwandonta a ka. Ita ba ta yi dariya ba, amma ta ji. Da suka isa, magatakarda ya miƙa masa alƙalami, Allande ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ajiye a kan tebur. Ya ce a ba shi rabonsa kamar yadda Littafi ya faɗa.

Ƙauye ya ɗauka. Dattawa suka zo masa, da tsoho Battitta maƙwabcinsu na kusa a gaba, suka tuna masa cewa tun kakannin kakanni ba a taɓa tsaga gida ba. Allande ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Ku nuna mini inda aka rubuta." Ai kuwa ba a taɓa rubutawa ba, ba a taɓa jin bukatar rubutawa ba. Suka karkaɗe huluna suka tafi.

Washegari da safe Margaita ta same shi a garken tumaki da ƙoshiya da kwanon madara mai ɗumi. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Ƙanena, ɗauki gonar gangare ka noma har iyakar ranka, ka yi aurenka. Kada dai ka kai mu gaban alƙali."

Ya sha faɗa daga baya cewa saura ƙiris ya ce to. Amma ya hango Erramun a bakin rijiya yana fito, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce, "Yaya, ba sadaka nake roƙo ba." Ta ɗauki kwanonta ta koma, bai ko taɓa madarar ba.

Kotu ta turo masu awo, suka zagaye gona da igiyarsu. Suka ce gida ɗaya, rijiya ɗaya, wurin kiwo ɗaya, in aka tsaga kowa ya tashi a tutar babu. To ashe a Littafin akwai wani shafi da mutumin Paris bai karanta masa ba: abin da ba ya rabuwa sai a yi gwanjonsa a raba abin da aka samu. Kaico! Allande ya ja ƙafa har Maule ya ce ya janye, amma wannan karon Erramun ne ya taurare, ya ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Wani majemi mai arziki daga gari ya saye Iturralde da duk abin da ke cikinsa.

Ranar da Margaita ta fita, ta share murhu, ta ɗora yara a keken shanu. Ta wuce Allande a bakin hanya ta ce ga shi ya samu rabonsa, Allah ya sa ya ji daɗinsa. Mai niƙa kuma ya aiko masa cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya sayar da kabarin uwarsa ba. Ya sayi tumaki da rabon nasa, amma wurin kiwo na gidaje ne, shi kuwa ba shi da gida, sanyin shekara biyu ya gama da su. Daga nan ya kama guduma.

Margaita ta ƙare a birnin Baiona tana wankau. Erramun ya mutu, 'ya'yanta suka shiga jirgin ruwa zuwa Montevideo ba su waiwayo ba. Kowace kaka Allande yakan ba mai alfadarai cuku ɗaya ya kai mata. Ba ta taɓa mayarwa ba, ba ta taɓa aiko da godiya ba, kuma ya ce haka ya dace da shi. Sai a shekara ta talatin da huɗu mai alfadarai ya dawo da ita kanta, a kwance cikin bargo, ta rame kamar tsinke. Allande ya kwantar da ita a gadonsa, ya dafa mata madara yana hura mata. Kwana goma sha ɗaya ta yi, ba su tayar da tsohuwar magana ba ko sau ɗaya. Abu guda ta roƙe shi, ya fitar da ita ta ƙofar Iturralde, a bi da ita ta hanyarsu, a kwantar da ita kusa da uwarsu. Ya yi mata alkawari.

Da hantsi ranar da ta cika ya hau tudun, karo na farko tun gwanjo. Ɗan majemin ne ke da gidan yanzu, mutum mai ladabi, ya ba shi kujera ya zuba masa ruwan tuffa. Allande ya riƙe hula a hannu ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutumin ya dubi inda hanyar take a da, masara ce a wurin har ta fitar da gemu. Ya ce kabarin kuwa iyayensa ne a ciki yanzu. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar saye.

"Baba, ba ƙi nake yi ba. Takarda ta ce gona tawa ce daga rafi har katanga. Wannan hanya da kake faɗa, nuna mini inda aka rubuta ta."

Allande ya miƙe. Ya ajiye kofin a hankali, ya yi godiya, ya gangara.

Ta babbar hanya aka bi da Margaita, 'yar farin Iturralde, kamar baƙuwar da ta mutu a masauki, aka binne ta jikin katangar coci inda ake sa fatake da waɗanda ba a san gidajensu ba. Allande na bayan akwatin yana jan ƙafa yana kuka a fili, bai ɓoye wa kowa ba. Hanyar sumul take, ko gargada babu, masu ɗauke da gawa har suna cewa ba su taɓa jin sauƙin ɗauka irin na ranar ba. Shi ya shimfiɗa kowane dutse a kanta, kuma ya ce bai taɓa tsanar aikin hannunsa ba sai ranar.