Birin Kaka Hajo da Wayar Taubashina

Taubashina Mamman ya maida ni abin dariya a wayoyin mutanen garin Tawa, bai tambaye ni ba. Ɗan kawuna ne, autan gidansu, na girme shi nesa. Ni gyaran moto, wato babur, nake yi kusa da tasha. Sai ya samo riga mai baƙin mai irin tawa, ya cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, ya riƙe sufana, yana ɗingishi kamar yadda nake yi, yana faɗin maganar da nake faɗa wa masu kawo gyara: "Moto ba shi da laifi, kai ne jaki!" Har sunana ya sa. Kowane mako sabon bidiyo.

Ba zan yi ƙarya ba, ya iya. Na farkon da aka nuna mini, sai da na juya baya don kada a ga haƙorana. Yaron bai yin dogon zance. Ya ɗaga gira, ya yi shiru, ya saki maganar, ya yanke. Shi ya sa mutane suke so. Amma ranar da ɗiyata Rabi ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta ƙi cin tuwo, don 'yan ajinsu suna binta da ɗingishi suna ce mata ɗiyar mai jaki, ranar abin ya daina ba ni dariya.

Kaka Hajo ce ta faɗo mini a rai. Ita ta haifi uwata da uban Mamman, amma shi bai tarar da ita ba. A Kalfu muke lokacin. In ɗari ya shigo, bayan an ci tuwo, sai ta sa mu kwaso karan hatsi mu hura wuta bakin ɗakinta. Tana gasa gujiya cikin toka, tana korar hannuwanmu da ɗan icce. Ni take kira mijinta, mijin da bai taɓa kawo cefane ba. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi tsit, sannan ta ce, "Ga ta ta iso ƙofa, a buɗe mata ko a bar ta waje?" Mu ce a buɗe.

Wadda ta fi zama mini ita ce ta biri da raƙumi. Raƙumi ya tafi arewa ɗauko gishiri. Biri ya hau kututture tsakiyar kasuwar dabbobi, yana kwaikwayon yadda raƙumi ke tuƙa, leɓe na lilo. Dabbobi suka yi ta faɗuwa don dariya. Kashegari ya sake, aka yi dariya. Da aka jima, akuya ta fara hamma, jaki ya ce wannan mun gani, kasuwa ta watse ta bar biri yana murguɗa baki shi kaɗai. Sai ga raƙumi ya dawo, aka ba shi labari. Ya je gaban biri ya zauna, ya ɗaga doguwar ƙafarsa yana susar haƙarƙari, yana ƙifta ido irin na biri. Kasuwa ta dawo da gudu. Biri ya ji haushi ya rama, raƙumi ya ƙara. Kaka ta ce har yau suna can ba su gama ba, kuma ba wanda ya koma gida.

To, ba labarin ne kawai ba. Kowane dare sai ta zaɓi ɗayanmu ya zama raƙumin, ita ta zama birin. In ni ne, sai ta tashi ta yi ɗingishina, don tun ina ƙarami ƙafar take haka. Yara su yi ta ƙyaƙyata. Kafin hawaye ya zo mini sai ta zauna ta ce, "To miji, ga ni. Mi kaka jira? Tashi ka yi nawa." Ni kuwa in tashi in lanƙwashe baya, in shanye leɓe kamar marar haƙori, in yi ta neman tabarta alhali tana hannuna. Ita ta fi kowa dariya, har tari ya kama ta. In kwanta raina fes.

Na bar lakwal da wuri, ban san abin da masu ilimi za su ce ba. Abin da na gani shi ne, masu ban dariyar waya da yawa sun taso a garin nan, an yi yayinsu damina ɗaya, an manta. Mutum ɗaya yana dukan wanda ba ya nan, dole a gaji. Wasan Kaka kuwa ga ni da furfura ina jin daɗinsa. Kuma tsakanin taubasai ai zagi halal ne, ni ma na sha ce wa Mamman bawana. Sai dai a gabansa nake faɗa, bakinsa a buɗe.

Ran Lahadi Mamman ya zo garejina da kansa, wai motonsa na tari. Yana ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya Illa, wasa ne fa. In ka ce in goge, sai in goge."

Na aje sufana na dube shi. Na ce, "Kar ka goge komai. Gobe ka zo da wayar taka nan, ka sa tumbinka na tsumma, ka yi ni a gabana. In ka gama, ni kuma in yi kai. Rabi za ta riƙe wayar, don 'yan ajinsu su san ubanta na da baki. Kuma ka shirya, don zan nuna wa Tawa duka yadda ragon layya ya kore ka ka haye katangar maƙwabta, wando a hannu, kana kiran innarka."