Chindo Mai Sallah Biyu

Ni na ɗinka wa Chindo babbar rigarsa, saboda haka in ana zancensa ina da bakin magana. Shadda ce ruwan toka, kwana goma sha ɗaya na yi a kan aikin wuyanta har idona ya yi ja. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce ta Idi ce. Shekara bakwai rigar nan tana ninke cikin akwatin matarsa Saratu, ba wanda ya taɓa ganin ta a jikinsa. Wanda ba tela ba ba zai san zafin wannan ba.

Chindo mutumin Tajaye ne. Ya baro gida da ƙuruciya, ya yi dakon buhunan siminti a Malbaza har tari ya fara kama shi, sannan ya biyo mota ya sauka Konni ya kama aiki wurin wani mahauci. Fawa ba gadonsa ba ce, amma wuta ta karɓi hannunsa. Kafin shekara biyu ya kafa tukubarsa ta tsire a bakin tasha, dab da shagona, kuma tun daga ranar duk kayan da na ɗinka sai sun tafi da ƙanshin ƙuli-ƙuli. Amare sun sha kawo mini ƙara. Chindo gajere ne, ga surutu, kuma ko ɗan'uwansa ba ya bari ya taɓa masa wuta. Direbobi da 'yan kabu-kabu, har jandarmomin da ke cin magani a bakin hanya, in sun zo gabansa layi suke bi. Albasa in ba ta Galmi ba ce ba ya yanka ta.

To, ga inda sunansa ya samo asali. Mu nan Konni tsakaninmu da Illelar Najeriya tafiyar 'yan mintoci ce a babur, amma sau da yawa watanmu da nasu ba ɗaya ba ne. Mu sha ruwan Sallah yau, su kuwa suna nan da azumi a baki sai gobe. Wasu abin yana ba su haushi. Chindo kuwa ya ɗauke shi kyauta daga Allah. Ranar Sallarmu, tun da sassafe zai tara toka a gefen filin Idi, can wajen masu masa da fura da masu alewar yara, ya jera tsinkayensa. Dabararsa ɗaya ce: liman na sallamewa, naman na nuna. Mutumin da ya yi wata guda bai ci nama da rana ba, in ya juyo ya ji wannan ƙanshi, ba ya tambayar komai. Washegari kuma ya ɗaure kayansa a bayan kabu-kabu ya ƙetare iyaka, ya maimaita.

Sai dai wanda ke juya tsire ba ya cikin sahu. In mun ce masa, Chindo, ga shi an tayar, sai ya ce shi da mutanen tsallake zai yi gobe, watansu ya fi kwanta masa a rai. Can kuma in sun tambaye shi, sai ya ce ai shi ɗan Nijar ne, tun jiya ya yi tasa. Shekarar da watan ya haɗa kan ƙasashen biyu, sai ya ƙetare da wuri, can ya ce ya yi nan, nan ya ce ya yi can. Ranar Layya ma ba ta sauya zane ba, domin shi ke haɗa wutar gashin ragunan alhazai a ɓangarorin biyu. Har aka sa masa Mai Sallah Biyu, wasu ma suna ganin ya fi mu ibada. Ni kaɗai na san gaskiya, don riga ba ta ƙarya. Salloli biyar dai yana yi, wannan na shaida. Idi ne rabonsa da shi tun yana yaro.

A azumin shekarar casa'in da biyu aka kawo mahaifinsa, Malam Yari, daga Tajaye don a duba masa ido. Likita ya duba ya ce idon ya riga ya tafi, sai haƙuri, sai tsohon ya zauna gidan Chindo ya ƙarasa azuminsa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma Chindo, da duk surutunsa, a gabansa yakan koma kamar an zuba wa garwashi ruwa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada tsohon ya san ɗansa ya shekara goma sha huɗu yana sayar da Idi da tsinken nama.

Da asubar ranar Sallarmu, tsohon ya ce bana a gefen ɗansa zai tsaya. Chindo ya karanto masa karatun da ya saba, cewa shi ta tsallake yake yi, amma ga Alkasum tela zai riƙa masa hannu zuwa filin Konni. Alkasum ni ke nan, ba a ma shawarce ni ba. Tsohon ya ce:

"Ba komi. Ni sha ruwa da mutanen gari yau, gobe in bi ka can. Hannunka nike so, ba na tela ba."

Na ji zafin kalmar, amma da na ji Saratu ta fito da rigar tana kakkaɓe ta, sai na huce. Na ce ko da ƙafa ne sai na je.

Washegari muka ƙetare a babura uku, ɗaya tsohon, ɗaya ni, ɗaya Chindo da nama. Ya saka rigar. Wallahi ta zauna masa, ko da yake cikinsa na shekara bakwai da suka wuce na auna. Har masu duwan, wato kwastan na bakin iyaka, sai da suka kalle ta. Ni na ɗauka zai bar sana'a ranar, ashe ya yi lissafinsa. Raka'a biyu ce kawai, in ji shi. Ya ajiye tsohon a inuwa, ya tattare hannun riga ya hura wuta, ya jera tsire nesa kaɗan da garwashi, ya ce kafin ya nuna an sallame. Masu masa suka ce su duba masa, ya ce kada wadda ta taɓa.

Tun kafin mu zauna a sahu aka fara. Wani direba mai suna Bala, tsohon mai cinikinsa, ya leƙo ya ce a'a, Mai Sallah Biyu, yau kuma a sahu, ba jiya ya yi tasa a Konni ba kamar kullum? Chindo ya kama tari, irin na Malbaza da ya warke tun tuni. Tsohon dai yana jan carbi, hannunsa ɗaya riƙe da hannun rigar.

Aka tayar. Ni ina bayansu daidai. Liman ya yi kabbarar farko, kowa ya yi. Duk wanda ya saba zuwa Idi ya san akwai sauran kabbarori shida a tsaye kafin a fara karatu. Chindo ya manta, in ma ya taɓa sani. Da ya ji ta biyu, sai ya ɗauka hankalinsa ne ya tafi wurin nama har aka gama Fatiha bai ji ba, ya duƙa ruku'u shi kaɗai a filin da ya ɗauki dubban mutane. Ta uku na zuwa ya nufi ƙasa. Tsohon bai ga komai ba, amma ya ji riga ta ja hannunsa ƙasa, sai ya fizgo ta sama. Ta huɗu Chindo ya sake tafiya, aka sake fizgo shi. A ta biyar na ji ɗinkin hammata ya ce ɓarr. Allah Ya yafe mini, sallata ta ranar ban san inda ta tsaya ba, rabi dariya nake dannewa, rabi ina jin ciwon ɗinkina.

Da aka sallame ya yunƙura zai tashi, tsohon ya riƙe shi, ya ce akwai huɗuba. Wannan ma ba ta cikin lissafin. Limamin kuwa ranar ya sami baki. Yana tsakiyar bayani a kan zumunci iska ta juyo daga wajen masu abinci, ta kawo ƙanshi, sahu ya fara haɗiyar yawu. Can sai ƙanshin ya koma ƙauri. Mutane suka riƙa waiwaye, ga hayaƙi baƙi yana tashi daga tukubar, masu masa sun tsaya sun riƙe ƙugu, tunda an ce kada su taɓa. Ina ganin zufa na bin ƙeyar Chindo. Hannun tsohon ba wani ƙarfi gare shi ba, da ya so zamewa da ya zame. Bai motsa ba har aka shafa.

Muka tarar da tsinkaye sun zama gawayi. Bala direba da jama'arsa suna ta dariya, wani na kwaikwayon ruku'un. Chindo ya durƙusa gaban mahaifinsa a nan cikin toka, ya fara kame-kame, wai limaman tsallake nasu salon daban ne. Tsohon ya katse shi.

"Bari, Chindo. Duk ɗan Tajaye da yaz zo Idin Konni, in ya koma sai ya ce mani ya ci tsirenka da zahinai, ana sallamewa. Wanda yat tai na tsallake ma haka. Nama ba ya gasa kainai. Makaho ni ke, ba wawa ba."

Chindo ya sunkuyar da kai ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun tuni.

"Da na hwaɗi, da ka ba ni amsa, kai ba ka rasa amsa. Shi ya sa na taho da kaina."

Sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi tsinke ɗaya. Aka ce ya ƙone. Ya ce a ba shi hakanan. Ya tauna gawayin nan da sauran haƙoransa, ya ce bai taɓa cin naman ɗansa da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ni da na zo kallon riga, sai ga ni ina share ido da hular kaina.

Malam Yari bai ga wata Sallar azumi ba, ya rasu a Tajaye bayan girbi. Rigar na gyara ta, na ƙara mata ƙyalle a hammata. Tun daga shekarar, wanda ke son tsiren Chindo ranar Idi sai ya jira, don ba a hura wuta sai an gama huɗuba an shafa, kuma mutane suna jira suna mita. Yana shiga sahu a Konni, washegari ya ƙetare ya sake shiga. Wani malami ya taɓa zaunar da shi a shagona ya yi masa bayani cewa Idi ba a ramuwarsa, ɗaya ta wadatar. Chindo ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba, ya ce ya ji ya gode. Ya ce ta Konni ita ce tasa. Ta tsallake kuwa a can ne aka riƙe masa hannun riga, kuma har yanzu in an yi kabbara ta biyu yakan ji ana jan ta sama.